Koriyar Motata Tana Kan Ruwa

Mahaifina bai taɓa shiga motar ofis ba. Tun ina ƙaramin ma'aikaci a Abuja, in aiki ya bi da mu ta hanyar Keffi, nakan roƙi direba ya ɗan karkata garinmu in gaida gida. Kullum farar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, da tambarin ma'aikata a jikinta. Yara su yi ta zagaye ta, mata su leƙo ta kan katanga. Baba kuwa sai ya fito zaure ya gaisa da direba da hannu biyu, ya sa a dama masa fura, amma ko jingina ba ya yi da motar. Wata Juma'a na ce masa ya shigo mu sauke shi a masallaci. Ya ce, “Wa ya ba ka ita?” Na ce ta aiki ce. Ya ce, “To ni aikin me nake yi musu?” Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya a ƙafa, mu kuma muka bi bayansa a hankali, direba na ta danne dariya.

Yana da gona a ƙetaren rafi wadda ya gada daga nasa uban. Hanyarta yashi ce da kwazazzabai, sai babur ko mota mai tsayi. Da yana da ƙarfi a ƙafa yake zuwa, daga baya aka riƙa goya shi a babur, da gwiwoyi suka ƙi kuma likita ya hana babur ɗin, shi ke nan ya daina zuwa. Ƙannena ke noma ta suna kawo masa labari, shi kuwa mutum ne da ba ya ƙoshi da labari. In na je gaishe shi, da ya gama tambayar iyali sai ya tambaye ni abin da ya san ban sani ba: ko tsamiyar bakin iyaka tana nan, ko rafi ya ƙara cin gefen kudu. Ina da ƙaramar mota tawa ta kaina, wannan kam yana shigarta, ita ke kai shi asibiti. Na taɓa gwada kai shi gona da ita, ko rabin hanya ba mu yi ba ta kafe a yashi, sai da masu dawowa daga kasuwa suka turo mu. A wannan ranar, ina zufa ina kakkaɓe wando, na ce masa, “Baba, zan sayi babba, tawa, in kai ka har gindin tsamiya.” Ya ce, “Allah ya nuna mana.”

Ƙanena ya kawo shawarar a yi hayar mota ta yini guda a kai shi a huta. Na yi masa tatas. Na ce uban da ya haife ni ba zai je gonarsa a motar haya ba ina raye ina ɗaukar albashi, kuma ni na yi alkawarin, kowa ya cire bakinsa. Ni ne babba a cikin 'ya'yan, aka bar maganar.

Bayan da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, ba a wata hira a ofis sai ta sabuwar a-kori-kura mai aiki da fetur da batir, wadda ake kira haibrid. Wai in ka shiga cunkoson Nyanya zuwa Masaka, injin ke kashe kansa batir ya ci gaba da jan ka, mai ba ya ƙonewa a banza. Duk wanda garinsu ke wannan hanya ya san abin da ake nufi. Ritaya ta matso, na daɗe ina tattali, na ce wannan ce motar ƙarshe da zan saya, bari in saye ta yadda raina ke so.

Ran da zan je wurin dilan motocin, a can gefen Garki, sai na ɗauki taubashina ya raka ni. Ɗan goggona ne, ƙanwar Baba, tare muka tashi. Wanda ya san wasan taubasai ya san irin halin da nake ciki da shi: al'ada ta ba shi damar ya faɗa mini duk abin da ya zo bakinsa, a gaban kowa, ni kuma ba ni da ikon yin fushi. Bai yi nisa a boko ba. Kifi yake sayarwa a kasuwar Kado, yana kuma da 'yan tafkunan tarwaɗa a bayan Masaka. Ba ya kirana sai Gwamnati, ni kuma in ce masa Sarkin Ƙarni. Ban ɗauke shi don neman shawara ba, na ɗauke shi ne don ya gani da idonsa ya je ya baza a dangi.

Wadda ta karɓe mu a wurin wata mata ce 'yar Filato, mai fara'a, kowa na ce mata madam. Ta zaunar da mu ta yi mana bayanin yadda abin yake. Kamfanin da ke ƙera motar a ƙasar waje ba ya aiko wa dila yadda ya nema, kowane dila da kasonsa, 'yan ƙwayoyi a kowane jirgin ruwa, su ke kiran kason alokeshan. Mafi yawan abin da ke zuwa farare ne, don ma'aikatu da ƙungiyoyi su ne manyan masu saye, kuma fara suke so. In mutum yana son wani launi ko wani ƙari na musamman, sai a rubuta masa oda, ya jira sai kamfani ya ƙera, sannan ya jira ta samu gurbi a cikin kason dila.

Na ce mata fara dai ban da ni. Na zaɓi koriya mai duhu irin ta ganyen mangwaro, kujeru ruwan ƙasa, da matakala a gefen ƙofa wadda tsoho zai taka ya hau ba tare da an ɗaga shi ba.

Ta ce, “Oga, in ka ce sai wannan kala, zai daɗe fa. Ba mu ne muna zaɓa abin da jirgi yana kawowa ba. In alokeshan ya zo, abin da mun gani shi ne mun samu.”

Na ce, “Ba komai, madam. Ba gudu nake ba.”

Ina da hujjata, kuma har yau ban ce ba hujja ba ce. A Abuja farar a-kori-kura ba ta da uba, duk wanda ya gan ta ya san ta gwamnati ce ko ta wata ƙungiya. In ma'aikacin gwamnati ya shiga garinsu da fara, ko babu tambari a jikinta, cewa za a yi kankare shi ya yi, ko kuma ya yi wa kansa gwanjon ofis. Na san bakin mutanen garinmu. Na kuma san mahaifina, na tabbata in ya ga fara zai ɗauki sandarsa ya ba ta baya. Ina son motar da ko daga nesa aka hango ta, ba mai cewa ta aro ce.

Ina ta lissafo wa madam abin da nake so, taubashina yana can waje wurin wadda aka ajiye ta nuni, yana bubbuga taya da ƙafa, yana auna bayanta da taƙi. Da ya shigo bai tambayi launi ba, bai tambayi kujera ba. Cewa ya yi, “Madam, durom nawa bayan nan zai ɗauka in an cika su da ruwa?” Na ji kunya ta kama ni. Na ajiye kafin alƙalami, muka fito, ina jin kaina kamar na riga na riƙe makulli.

Daga nan aka shiga jira. Da farko daɗi ne da shi. Na gaya wa mutanen ofis, na gaya wa abokan sahu a masallacin unguwa, na nuna hoton koriya a waya har ga mai gadi. Na sayi shimfiɗun ƙafa na ajiye a bayan kujerar falo. Duk ƙarshen wata in kira madam. Ta ce oda yana kan layi a kamfani. Wani watan ta ce an fara haɗa shi. Sannan ta ce, “Oga, albishir, motanka yana kan ruwa.” Ran nan har tsire na sayo wa yara. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman farko, motata tana kan ruwa. A ofis gaisuwa ta koma, “Yallaɓai, an tashi lafiya? Koriya ta iso?” Taubashina kuwa ya samu abin yi. Duk inda muka haɗu sai ya ce, “Gwamnati, motar nan taka ta fi tarwaɗata daɗewa a ruwa. In ta fito ka kawo mini Kado in sayar maka da ita a kilo.”

Wata safiya ina ofis madam ta kira ni da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce jirgi ya iso, amma tawa ba ta ciki. Wata hukuma ta kwashe kason duka, sai ƙwaya ɗaya da ta rage, fara. Ta ce, “Oga, kai ne na farko a layi, shi ya sa na kira ka. Komai iri ɗaya da naka, inji ɗaya, batir ɗaya. Kala ne kawai, da wannan matakala. Zo ka ɗauka, don ban san yaushe naka zai samu wuri ba. Alokeshan mai zuwa ma manya sun riga sun sa hannu.”

Na je na gan ta. Ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Ledar kujeru ba a cire ba, ƙamshin sabunta ya cika ciki. Na zauna a mazaunin direba na kama sitiyari, madam ta danna maɓalli ta ce ta tashi, ni ban ji ƙarar komai ba. Na daɗe a zaune. Sai na hango kaina ina shiga garinmu a cikinta, na hango majalisar bakin kasuwa ana taɓa juna da gwiwar hannu, na hango Baba yana laluben sandarsa. Na fito na rufe ƙofa a hankali na ce, “Madam, na gode. Wanda ya jira wannan jiran, ai ba ya ƙarewa da fara.”

A hanyar komawa na kira taubashina, don abin alfahari ba ya daɗi sai da mai ji. Na ce an ba ni sabuwa dal na ƙi.

Ya ce, “Ka ƙi? Me ta yi maka?”

Na ce, “Fara ce.”

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, “To Gwamnati, tsakani da Allah, ka yafe ta?”

Na ce, “Na yafe. In kana da ƙarfi je ka ɗauka, Sarkin Ƙarni.”

Da bakina na faɗa. Ban taɓa zaton ƙarni yana tara abin da ya tara ba.

Ba a rufa mako ba, ranar Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gida ina duba jarida, sai na ji ihun yarana a waje. Ban ji zuwan mota ba, don ba ta da ƙara. Na leƙa, ga ta a ƙofar gidana, fara sol, ga taubashina ya fito yana kaɗa makulli a yatsa. Maƙwabta suka firfito. Matata ta yafa mayafi ta fito tana ta sa albarka, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, har da shafa ƙofa. Ƙaramar 'yata ta riga ta haye baya tana tsalle. Ya miƙo mini makulli ya ce, “Gwamnati, kai ka fara ganin ta, zo ka zaga da mu.” Na ce bayana ke ciwo. Na yi masa murna da baki, na ma rungume shi, amma abin da ke raina ba murna ba ce.

Ƙyashi ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Na kai shekarun da ya kamata a ce na wuce wannan, ina da furfura, ana tashi tsaye in na shiga ofis, amma na kwanta da motar ɗan goggona a rai na tashi da ita. Abin mamaki, ban ji haushin madam ba, ban ji haushin hukumar da ke kwashe kaso ba, ban ji haushin kamfanin da ya shanya ni ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Duk haushina a kan mutumin da ya tambaye ni sau biyu kafin ya taɓa ta ya sauka.

Na tsiri zuwa Kado sayen kifi, ni da ban san farashin kifi ba tun da na yi aure. In faka nesa in tako, idona na neman ta. Kullum tana nan a bakin rumfarsa, an jera shuɗɗan durom a bayanta, ruwan tarwaɗa na tsiyaya ta gefen taya, ƙudaje na bi. Wata bai cika ba aka karce mata ƙugu da baro. Na tsaya ina kallon karcen nan kamar a jikina aka yi shi. Na ce masa, “Yanzu motar da aka ƙera don mutane ita ka mayar jakin kifi?” Ya ce, “To da me za ta ci abinci? Ai ba a ofis take aiki ba.”

Nakan tambaye shi lafiyar batir. Ina tambaya ne da fuskar mai tausayi, amma Allah ya san amsar da nake fata. Na ji ana cewa irin waɗannan motoci ba sa son zafi, gyaransu sai an nemo masani, na riƙe wannan magana ina juya ta a raina. Shi kuwa kullum sai ya ce lafiya lau, har ya manta rabon da ya shiga gidan mai. Na dawo gida ran nan ina ta faɗa a kan an cika gishiri a miya. Matata ta dube ni ta ce, “Maigida, miyar nan lafiyarta ƙalau. Ka dai tuna hassada ga mai rabo taki ce.” Na ture kwanon na tashi, ita kuma ta ci gaba da cin abincinta.

Abin da ya fi ƙona ni ya faru ne a Masaka. Ina dawowa daga gaida Baba da rana tsaka, cunkoso ya riƙe mu a daidai kasuwa, ƙaramar motata ta yi zafi ta fara hayaƙi. Na samu na gangara gefe, na buɗe gaba, na tsaya da babbar riga a cikin masu tallar rake da 'yan acaɓa ina jiran ta huce. Sai ga farar nan ta silalo kusa da ni shiru, gilashi ya sauka, sanyi ya bugi fuskata. Ya ce, “Gwamnati! Yau kuma yajin aiki ake? Kawo igiya in ja ka.” Mutane suka kwashe da dariya. Wasan taubasai ne, dole na yi dariyar ni ma. Kuma ya ja ni ɗin, har garejin makanike a Nyanya, ina zaune a bayansa ina riƙe da sitiyarin motar da ba ta tafiya da kanta, ina karanta lambarsa.

Abu ɗaya ya rage mini na riƙe: fara ce. Duk kyanta, duk shirunta, Baba ba zai shige ta ba. Har na faɗa masa a gareji, na ce, “Ka dai san kawunka ko inuwarta ba zai zauna ba.” A karon farko bai mayar da wasa ba. Ya ce, “Ai ban ma kai ta gida ba tukuna. Zancen gona alkawarinka ne, na bar maka.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutum ya ƙwace maka mota, sannan ya fi ka kirki a kanta.

Amma sabuwar mota ba ta zama ba a kai ta gida ba. A danginmu duk wanda ya yi abin hawa sai ya kai wa babba ya ɗora hannu ya sa albarka, babban kuwa Baba ne. Goggo ta yi ta yi masa faɗa a waya, wai ya yi mota yana yawo da ita ba albarkar kawunsa. Da kaka ta yi, matar ƙanena ta haihu, aka sa ranar suna, ya zama dole kowa ya je. Motata tana wurin makanike an sauke mata inji. Na ce zan bi motar haya daga tasha, matata ta ce ita ba za ta jigilar yara da kayan barka a tasha ba alhali ga mota a dangi. Haka na samu kaina a kujerar gaba ta farar nan, muka ratsa cunkoson Mararaba ba zafi ba ƙara, yara na waƙa a baya.

Muka isa ana gama raɗin suna, mutane cike da ƙofar gida. Baba yana zaune a kan buzunsa a bakin zaure. Na fito daga gaba, na ga idonsa ya sauka a kan motar ya dawo kaina, sai na ji wani sanyi a raina, na ce yau za a yi ta. Muka durƙusa muka gaishe shi.

Ya ce mini, “Ta ofis ce?”

Na ce, “A'a, Baba.”

Taubashina ya matso ya ce, “Tawa ce, Kawu. Kifi ne ya saya. Na kawo ne a sa mata albarka.”

Baba ya miƙa hannu aka tashe shi. Ya dogara sanda ya zaga ta a hankali, ya tsaya a bayanta ya ja numfashi ta hanci, ya ce, “Ƙwarai kuwa, na ji shaida.” Jama'a suka fashe da dariya. Ya dawo gaba ya ɗora tafinsa a kanta ya yi addu'a mai tsawo, kowa ya shafa. Ban ji wanda ya ce an kankare tambari ba. Tambaya ɗaya tsohon ya yi aka ba shi amsa ɗaya, launin kuwa ko kallo bai ishe shi ba.

Bai ɗauke hannunsa ba ya ce, “Tana hawa yashi?”

Taubashina ya juyo ya dube ni. Na ga yana neman hanyar zillewa, kuma don ni yake yi. Ya ce, “Tana hawa, Kawu. Amma ta ɗanka tana tafe, koriya, har matakala ya sa a yi maka a jikinta. Ita ce ta gona.”

Baba ya ce mini, “Tana ina?”

Na ce, “Tana kan ruwa.”

Ya ce, “To Allah ya fito da ita. Ni dai ga wadda ke gabana. Buɗe mini, ɗan nan.”

Motar ta yi masa tsayi. Goggo ta shiga gida ta fito da kujerar tsugunno wadda take zama a kai in tana tuƙa tuwo, ta ajiye a gindin ƙofa. Ya taka ya hau, ba wanda ya ɗaga shi. Ya gyara zama a kujerar da na taso daga kai, ya ɗora sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Goggo ta miƙo mini kujerar ta ce, “Riƙe, za ku buƙace ta wajen sauka.” Na shiga baya tare da ƙanena, da kujerar tuwo a cinyata.

Ta wuce inda na taɓa kafewa ko gezau ba ta yi ba. Ta gangara rafi ta haye. Baba yana ta nuna hanya da baki, bi nan, kauce wa can, yana faɗin gonar wane ce wannan, wancan kuma jikokinsa sun sayar. Ya ce motar tana da ladabi, ba ta katse wa mutum magana. A gindin tsamiya aka tsaya. Na sauka na ajiye masa kujera ya taka. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya dafa tsamiyar, ya duƙa da ƙyar ya ɗebi ƙasa ya murza. Sannan ya hango gefen kudu inda rafi ya ci, ya juya kan ƙanena ya fara faɗa, faɗa na gaske da murya mai ƙarfi wadda na yi shekaru ban ji ba, yana yi yana dariya. Na yi farin ciki, wallahi na yi. Amma da ya gaji ya nemi abin dafawa, kafaɗar da ke kusa da shi ta mai motar ce, ni ina can gefe riƙe da kujera.

A hanyar dawowa na sunkuyo ta tsakanin kujeru na ce, “Baba, in tawa ta iso zan sake kawo ka.” Ya ce, “Allah ya kawo ta lafiya,” ya ci gaba da tambayar taubashina yadda ake kiwon tarwaɗa.

Bayan nan da 'yan makonni madam ta kira. Ta ce, “Oga, wannan karon gaskiya ne, motanka ya sauka Legas, yana hannun kwastam. Kore, da matakala, komai da komai.” Na yi mata godiya. Na fito barandar ofis inda ba kowa na kira gida, aka kai wa Baba waya. Na ce masa motata ta sauka, saura kaɗan.

Ya ce, “Madalla, madalla. Wane launi ka ce?”

Na ce, “Koriya, Baba.”

Ya ce, “To, ya yi kyau. Kana ganin ɗan goggonka kuwa? Ka ce masa kada ya makara ran Asabar kamar wancan satin, rogo za mu duba. Kuma ya taho da kujerar uwarsa, a motarsa aka bar ta.”

Na ce to. Da aka tashi daga aiki na tari tasi zuwa Kado na isar da saƙon.